Sandar Fatsar Bahago

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da ake tafiya Makka da ƙafa. Sunansa Tunau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, masunci ne kawai. Ku saurara da kyau.

Tunau yana da amini, Ɓaidu, wani bahago mai hikimar hannu. Shi Ɓaidu da kansa ya haɗa wata sandar fatsa, wato ta kama kifi da ƙugiya. Ya sari gora, ya ɗaura mata zobban jan ƙarfe inda zare zai bi, ya naɗe mariƙin da fata, ya yi masa gurbin babban yatsa ta hagu. A jikin ƙugiyar yana ɗaura gashin zabo, in ta faɗa ruwa kifi ya zaci fara ce, sai ya kawo baki.

Da Ɓaidu ya tashi tafiya Makka sai ya kawo ta, ya ce, "Tunau, ga wannan. Ka kama kifi da ita, ka ci, halalinka ne. Amma in Allah ya dawo da ni, ka ba ni abata."

Tunau ya ce, "Na karɓa. Allah ya kai lafiya."

To, shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Ɓaidu shiru. Zare ya ruɓe, Tunau ya tufka sabo ya goge da kakin zuma. Ƙugiya ta yi tsatsa, ya je maƙera. Zobba suka cinye, ya sake su. Daga baya gara ta shiga gorar kanta, ya shiga daji ya zaɓo wata, ya gasa a wuta ya miƙe ta. Amma ku ji nan! Duk sa'ad da zai naɗe mariƙi, sai ya yi gurbin yatsa ta hagu. Shi kuwa da dama yake aiki. Haka yake riƙe ta a karkace, tafin hannu duk ya yi kanta, kafaɗa kullum tana ciwo.

Masunta na yi masa dariya. "Kai Tunau, wahala ce ba ta ishe ka ba? Juya gurbin nan mana!"

Sai ya ce, "Mai ita bahago ne."

"Mai ita ai ƙasa ta daɗe da cinye shi!"

"Ban ji ba, ban gani ba. Mai ita bahago ne."

Ana nan, Tunau ya tsufa, kafaɗar ta ƙi, ko taru, babbar ragar kamun kifi, ba ya iya ja. Sandar nan kaɗai ke ciyar da gidansa. Rannan da hantsi sai ga wani tsoho da ɗan ƙunshin tsumma, yana lalube da sanda. Ɓaidu ne! Ya dawo hannu wofi, ido duk ya yi hazo.

Wallahi Tunau ya yi murna, kuma wallahi gabansa ya faɗi. Mutum ne fa, ba mala'ika ba. Matarsa Tasalla ta ja shi gefe, ta ce, "Malam, don Allah tsaya ka ji. Me ya rage na Alhaji a jikin sandar nan? Gora taka, zare naka, ƙugiya taka. In ka ba shi, mu mu ci me?"

Ba muguwa ba ce, jama'a, tukunyarta take tunani. Sai Tunau ya ce, "Tasalla, ban taɓa sa mata ko zare da niyyar tawa ce ba. Gyaran amana na yi, ban ƙera tawa ba. Wanda ya ciyar da mu jiya yana nan."

Ya ɗauko ta ya miƙa wa Ɓaidu. "Alhaji, ga abarka. Sai dai komai nata na sake, tsofaffin sun mutu."

Ɓaidu ya miƙo hagu ya kama, sai babban yatsansa ya faɗa gurbi daram. Ya tsaya cak. Ya lalubo tafin Tunau, ya ji kanta. Sai hawaye. Ya ce, "Duk shekarun nan a karkace kake riƙe ta? Ashe kai ba ka taɓa binne ni ba!"

Sa'an nan ya ce, "To ga wata matsala. Hannuna da ƙarfi, amma ba na ganin ruwa."

Tunau ya ce, "Ni kuwa idona garau, kafaɗa ce babu."

Sai suka fashe da dariya. Tun daga ranar, kullum suna bakin kogi tare. Ɓaidu ya wurga, Tunau ya zura wa gashin zabo ido, in kifi ya kawo baki ya yi ihu, "Ja, Alhaji, ja!" Suka riƙa kama fiye da abin da Tunau ya taɓa kamawa shi kaɗai, gida biyu suna ci.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Daɗewar amana a hannunka ba ta mayar da ita taka, wahalar da ka sha a kanta ma ba ta mayar da ita taka. Kai da ke noma gonar marayu, kai da aka bar wa keken ɗinki, ke da aka bar wa riƙon ɗiya, kowa ya duba mariƙin abin da ke hannunsa. Gurbin mai shi yana nan, ko tuni ka juya shi ya dace da yatsanka? In ka juya, yau ma ba ka makara ba. Allah ya sa mu cika da amana.