Jan Biro

An yi wani mutum, mai gyaran keken ɗinki, wanda ya shekara goma sha huɗu yana koyar da matasa a coci. Kowace Asabar shi ke buɗe aji, ya jera benci, ya share allo. Wanda bai zo ba, ran Litinin zai rufe shago ya bi shi har gida.

Sai ya gaji. Ka shekara uku kana yi wa yaro magana tana bi ta bayan kunnensa, wa ba zai gaji ba?

Ya kafa doka: duk wanda ya yi fashi sau uku, a soke sunansa da jan biro. Ba bi, ba kira. A teburin cin abinci yake wannan aiki, 'yarsa ta fari tana riƙe masa rula.

Wata gwauruwa, uwar wani ɗan ajinsa, ta same shi a shago.

"Malam, ɗan nan naka ya koma shaye-shaye. Ko za ka leƙo mana?"

"Mama, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Naki ya bushe. Je ki huta."

"To ni da na haife shi, Malam, ina zan kai shi?"

Bai ɗaga kai daga keken da yake kwancewa ba.

Ajin mutum arba'in ya koma tara. Dattawan coci suka karɓi mabuɗin ajin, ya ce gaba ta kai shi.

'Yar tasa ta tafi karatu wani gari. Ta faɗi jarrabawa, ta maimaita, ta sake faɗuwa, a ta uku aka sallame ta. Ba ta gaya wa kowa ba, ba ta dawo ba. Wata bakwai ana nema kafin ta ɗaga waya.

"Uwata," in ji shi, "dawo gida."

"Baba, sau uku na faɗi. Ni ke riƙe maka rula, na san doka."

Ta kashe wayar. Shekara biyar ke nan ba a sake jin muryarta ba. Matarsa ta daina cin abinci a teburin nan.

Ya 'yan'uwa iyaye da malaman matasa, gajiya ba zunubi ba ce. Ubangijinmu ma ya gaji, ya zauna a bakin rijiya. Zunubin mutumin nan shi ne ya mai da gajiyarsa hukunci, ya yanke ƙauna ga waɗanda Allah bai yanke musu ba. Sau nawa ku kuka yi fashi, aka bar sunanku?

In kun gaji, ku faɗa. Ku huta, wani ya karɓe ku. Amma kada ku ce yaro ya ƙare. Na gida suna ji, kuma da wannan mudun naku za su auna kansu.

Allah ya sabunta ƙarfin masu gajiya, ya kiyaye mu daga fid da zuciya a kan 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu, amin.