Hoton da Inna Ta Ɓoye

Akwai wani malamin makaranta a Shinkafi, Malam Abdussamad, mutum mai kamun kai amma mai saurin zargi.

Kwanakin baya sai ya lura matarsa Hanifa ta sauya. Ta sa wa wayarta makulli. Idan ya shigo ɗaki tana kallon wayar, sai ta kife ta. Ta kuma yawaita zuwa Badarawa gaishe da mahaifiyarsa, Inna Fatimatu, wadda ya san tana fama da ciwon ciki.

Wata rana wani abokinsa ya ce masa ya ga Hanifa a mota tare da Suwaiba, matar nan mai shiga gidaje tana ɗaukar mata hoto. Zuciyarsa ta ƙara ɓaci. Hoton me? Don wa?

Ya tafi gidan Suwaiba, ya yi sallama, ta fito soro.

"Ina son ganin hotunan da kika ɗauki matata."

"Malam, ka yi haƙuri. Abin da na ɗauka cikin ɗakin mata amana ne. Wadda aka ɗauka kaɗai ka iya nuna ma."

"Ni ne mijinta."

"Na sani. Ka tambaye ta cikin natsuwa."

Bai tambaya ba. Ƙin da Suwaiba ta yi ya zame masa hujja.

Ranar Juma'a dangi suka taru a Badarawa, Inna na zaune bisa tabarma lulluɓe da mayafi. Ya ga Hanifa ta koma gefe tana duba waya. Ya fizge ta kafin ta kulle.

"Malam, don Allah kada ka buɗe nan," in ji Hanifa, murya ƙasa-ƙasa.

"Yau kowa zai ga abin da kike ɓoyo."

Ya ɗaga wayar gaban yayyensa da matan ƙannensa, shi kansa bai duba ba. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya juyo da ita.

Inna ce a hoton. Ba ɗankwali, gashin kanta duk ya zube, wuyanta ya rame. Ta jingina da kafaɗar Hanifa tana murmushi.

Inna ta ja mayafinta ta ƙara rufe kai.

"Ciwon daji ne, Abdussamad. Magani ya cinye min gashi. Hanifa kaɗai na gaya ma, ita ka kai ni asibiti. Ni na sa a kira mai hoto, don jikokina su gan ni ina dariya bayan ba ni. Na so in gaya maka da bakina, mu biyu. Ga shi ka kware ni gaban mutane."

Ya durƙusa yana kuka. Inna ta dafa kansa, ta ce ta yafe. Hanifa ta karɓi wayarta, ta kama hannun Inna suka shige ɗaki, ta saki labule.

Tun daga ranar shi yake kai Inna asibiti. Amma har Allah Ya karɓi ranta, ko zufa na karyo mata, ba ta sake cire mayafi a gabansa ba.

Darasi: Ba kowane abin da aka rufe maka ne cin amana ba, wani rufin asirin naka ne ake yi. Kafin ka tona, ka zauna ka tambaya, kai da mutum kaɗai. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila ya tsare mutuncin wani gida.