Kibiyar da Tunau Bai Bi Ba

A zamanin da, tun ba a sare dajin Gurumfa an yi gonaki ba, an yi wani maharbi ana ce da shi Tunau. Shi ne makaɗa ke wa kirari da "Baƙin kwari na Dela, dawa taka, nama naka." Dela mahaifiyarsa ce, tsohuwa mai kaifin harshe, kuma ita kaɗai ce kirarin nan bai taɓa burgewa ba. Duk ran da ya sauke nama a tsakar gida sai ta tambaye shi don me yake farauta, don cikin mutane ko don kunnensa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya wuce.

Maharban lokacin suna da doka guda: in kibiya mai dafi ta shiga jikin dabba, mai ita zai bi sawu har inda dabbar ta faɗi, ko kwana nawa ne. Wata shekara da rani ya tsananta, Tunau ya harbi wani ƙaton gwanki a cinya, gwanki ya tsere da kibiya. Yana cikin bin jini sai ya jiyo gangar maharba daga gari, ana kiran sunansa. Ya dubi sawu, ya dubi gari, kunne ya fi ƙarfinsa. Ya koma ya sha kirari har ya ƙoshi.

Gwankin kuwa, ƙishin dafi ya kai shi tafkin da ya rage wa garin kaf. Ya faɗa cikin ciyawar gefe ya mutu, ba wanda ya gani sai da ruwa ya ɓaci. Ciwon ciki ya bi gida-gida. Da aka janyo mushen, ga kibiya da zanen Tunau a jikinta. Ba wanda ya zage shi, wannan kuwa ya fi ci masa rai. Dela na cikin waɗanda suka kwanta. Da ya durƙusa gabanta, ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, yanzu ka sami amsar?" Bayan kwana biyu aka binne ta.

Tunau ya rataye baka, ya ce shi da daji har abada. Amma da ya ga mata na dawowa da tuluna wayam, mutane na ɗaure kaya za su watse, zama ya gagare shi. Ya shiga daji, ba baka ba kwari. Can ya ga sawun garken gwanki da ɗanyen taɓo a ciki, alhali wata biyar ba a ga hadari ba. Kwana uku yana bin su. Tsofaffi sun ce jagoran garken yana da tabo a cinya, kuma duk inda Tunau ya gaji sai jagoran ya tsaya yana jiransa. A gindin wani dutse ya tarar da su suna shan ruwa mai ɓuɓɓugowa. Ya tsaya yana kallon nama hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba, sai hawaye.

Nan ya kawo mutanensa suka kafa gari, ya sa masa suna Ruwan Dela. Ya koma farauta, amma ya hana a ƙara yi masa kirari. Da tsufa wani ya tambaye shi don me yake shiga daji, ya ce, "Don a ci, a sha. Amsar na samu, mai tambayar ce babu."

Har yau a Ruwan Dela, maharbi in ya dawo daga daji sai ya zazzage kwarinsa a bakin idon ruwan. In kibiya ɗaya ta yi ɓatan dabo, ba a miƙa masa ƙwaryar shan ruwa sai ya koma ya nemo ta.