Yatsun Tanimu Magini

A unguwar Chaza da ke Suleja akwai wani maginin tukwane mai suna Tanimu. Allah Ya yi masa baiwar hannu. In ya zauna gaban faifan da yake juyawa da ƙafa, yumɓu sai ya bi yatsunsa ya zama buta ko tulu, har mutanen Abuja na zuwa saye. Amma yana da hali guda: bai taɓa yarda akwai abin da bai sani ba. Kafin ka rufe baki ya ce, "Ai na sani."

Wata shekara aka gayyace shi bikin nuna sana'ar hannu a Turai, shi da Dogara, wani dattijon Bagwari abokin aikinsa wanda ya taɓa zuwa sau biyu. Lokacin sanyin ƙasar ne. Matar Tanimu, Asama'u, ta shiga kasuwa ta zaɓo masa rigar sanyi da safar hannu a gwanjo. Ya ɗaga safar da yatsa biyu.

"Wannan kuma ta ɗan acaɓa ce?"

"Maigida, Baba Dogara ya ce sanyin can ba irin namu ba ne."

"Ni za a gaya wa sanyi? Na kwana Jos a watan Janairu."

Rigar ya ɗauka, safar kuwa ya bar ta kan gado.

Kwana uku kafin ranar da zai yi gini a gaban jama'a, masu masaukinsu suka kai baƙi yawon buɗe ido wani ƙauye a bakin tafki. Tanimu bai taɓa ganin wuri irinsa ba. Duwatsu sun kewaye ruwan, fari fat da ƙanƙara tun daga kai har gindi. Gidajen katako sun hau juna a jikin dutse, hayaƙi na fita ta rufinsu. Ruwan ya kwanta shiru, gefensa ya daskare. In ka yi numfashi sai ka ga tururi.

Da azahar ta yi, Dogara ya nuna masa wani gidan shayi.

"Malam Tanimu, akwai ruwan ɗumi a ciki. Shiga ka yi alwalarka."

Tanimu ya dubi tafkin, ya dubi wayarsa. A ransa yana hango abokansa na majalisa suna kallon bidiyo: ga shi cikin shadda da hula, yana alwala a tsakiyar ƙanƙara.

"Baba, riƙe min waya kawai."

"Kai, yaro, ruwan nan cizo yake."

"Ai na sani. Minti nawa ne?"

Ya fasa ƙanƙarar bakin ruwa da dutse, ya yi alwala. Bidiyon bai yi masa ba, hular ta karkace. Ya sake. Ya yi salla, sannan ya kama zagaya ƙauyen yana ɗaukar hoto da jiƙaƙƙun hannuwa, iska na kaɗawa daga kan tafkin. Dogara ya miƙa masa tasa safar, Tanimu ya ce a bari, za ta ɓata hoto. Da farko yatsun sun yi zafi kamar ana soka masa allura. Can sai zafin ya ɗauke gaba ɗaya.

"Ka gani, Baba? Jikina har ya saba."

Ya lura yatsun sun yi fari, sun yi tauri kamar kyandir, amma ya cusa su aljihu. Da suka koma masauki da la'asar, ya yi abin da ake yi a gida in sanyi ya kama mutum: ya nemi zafi. Ya tafasa ruwa ya juye a kwano, ya tsoma hannuwan. Bai ji ƙuna ba, don haka ya bar su ciki.

Washegari suka kumbura, suka yi bororo. Kunya ta hana shi faɗa. Kwana biyu yana yawo hannu a aljihu, ana kiran cin abinci ya ce ya ƙoshi. Ranar gini, ɗaki ya cika da mutane, aka ajiye masa yumɓu a kan faifai. Dole ya fito da hannuwan. Dogara ya gani, ya dafe kai.

"Wayyo, Tanimu! Tun yaushe?"

A asibiti likita ya ce da ya zo a ranar farko, da an ceto su. An yanke kan yatsu biyu na hannun dama. Sauran sun warke, amma ji bai dawo musu ba.

Da ya dawo Suleja, 'yan majalisa suka zo jaje. Bidiyon kuwa duk sun gani, babu wanda ya tayar da zancen. Bayan wata huɗu ya koma gaban faifai. Ya juya, yumɓun ya tashi, sai jikin tulun ya yage. Ya sake, ya yage. Magini da yatsa yake jin kaurin tukunya, ba da ido ba. Asama'u na tsaye a ƙofa da kwanon abinci. Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Asama'u, ajiye kwanon. Zo ki taɓa min nan. Ya yi kauri ko ya yi siriri? Ni ban sani ba."

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya je wurin da bai sani ba ya saurari wanda ya riga shi zuwa. Ibada ba abin nunawa ba ce, kuma addini bai ce mutum ya cutar da kansa ba alhali ga sauƙi a kusa. In kuskure ya faru, a faɗa da wuri. Kunyar yini ɗaya Tanimu ya guje wa, ya rasa abin da yake ci da shi har ƙarshen rayuwa.