Katanga a Hanyar Galili

Akwai wani manomi da gonarsa take a gindin wani dutse. Tsofaffi sun ce dutsen nan ya taɓa aman wuta a zamanin da, shi ya sa ƙasar wurin take da albarka, baƙaƙen duwatsu masu huji-huji kuma suka warwatsu ko'ina. A bisa dutsen akwai tsohuwar majami'a wadda masu bi na fari suka gina.

Kowace Litinin ta Ista jama'a sukan hau can, su ce sun tafi Galili, inda Yesu ya sadu da almajiransa bayan tashinsa. Hanyar kuwa ta tsakiyar gonar mutumin nan ta ratsa. Ga matan zumunta na majami'a da tulunan kiɗa, ga yara, kowa ido a sama yana waƙa, dankali a ƙasa yana shan tattaka.

Wata shekara ya ce abin ya ishe shi. Ya tsince duwatsun gonar, ya ta da katanga, ya tare hanya. Jama'a suka yi gunaguni, suka bi ta zagaye, hanya mai nisa da hawa. Shi kuwa ya laɓe bayan katanga yana dariya ƙasa-ƙasa.

Da rana ta ɗaga sai ya ji sanda tana ƙwanƙwasa duwatsun. Kaka Tabita ce, tsohuwar da idanunta suka dushe, ƙafafunta kaɗai suka san hanya. Kabarin mijinta yana bayan majami'ar. Ta zauna a ƙasa tana cewa zagaye ya fi ƙarfinta, kuma ba ta jin za ta ga wata Ista.

Kunya ta kama manomin. Ya sauya murya, ya ce shi baƙo ne mai wucewa. Ya rushe gefen katangar, ya goya ta. Da nauyinta a bayansa ya yi ta tangaɗi, ya murƙushe kunyoyin da ko matan zumunta ba su taɓa murƙushewa ba. Ita kuwa tun daga ƙasa take wanke mai gonar tas, wai rowarsa ta kai har ga ƙasar takawa.

Ya ce, “Gaskiya ne, Kaka. Mutumin banza ne.”

Da suka kai bakin kabarin, ta shafa kansa, ta ce, “A'a, ba na banza ba ne. Tun yana yaro haka yake, sai ya yi ɓarna tukuna zuciyarsa ta dame shi. Sauke ni a hankali, ɗan Hannatu.”

Ma'anar wannan misali ita ce: kowannenmu yana da dankalin da yake tsaro, wani wurin zamansa a majami'a, wani fushinsa da ɗan'uwa. Masu ƙarfi za su zagaye katangarka su wuce abinsu. Mai rauni ne zai zauna a ƙasa. In ka gan shi, ka durƙusa ka ɗauke shi. Kada ma ka wahal da kanka da sauya murya, gama Ubangiji ya san ka sarai, bai kuwa kira ka mutumin banza ba.