Dabinon da Ya Ƙi Shiga Sahu

An yi wani sarki a zamanin da, sunansa Mu'allayidi, mai son tsari har ya wuce kima, mai saurin rantsuwa kuma, wanda ya fi wancan muni. Wata shekara aka kawo masa dashen dabino dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya, ya umarci Sarkin Lambu Tanimu ya dasa su sahu-sahu, kowane sahu daidai da ɗan'uwansa, kada ko ɗaya ya saura.

Kwana ashirin Tanimu yana ja da igiya yana auno, kullum sai an sami ragowa. Fadawa, da ba su taɓa riƙe fartanya ba, suka ce ai sata ya yi, shi ya sa adadin ya lalace. Sarki ya rantse in kwana uku suka cika ba a dasa ba, za a sare hannun Tanimu.

Maƙwabcin Tanimu, Malam Ukashatu, talaka ne mai ilimin hisabi da rabon gado. Ya baje yashi a zaurensa yana rabawa yana sharewa, tsoro na cinsa, domin ya fara gane cewa amsar ba za ta yi wa sarki daɗi ba. Ran na uku ya isa fada, ya tarar an ɗaure Tanimu, hauni na tsaye da takobi.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya bayyana cewa adadi iri-iri ne: akwai shafa'i mai rabuwa biyu daidai, akwai wuturi mai barin ragowar ɗaya, a cikin wuturi kuma akwai wanda ba ya rabuwa sai da ɗaya ko da kansa, adadin dabinon nan kuwa daga cikinsu yake. Sarki ya murtuke, ya tambaye shi ko ya gwada dukkan adadai har dubu takwas cikin kwana uku. Malam ya ce zuwa casa'in ya isa, domin in sahu suka haura casa'in, itatuwan kowane sahu ba za su haura casa'in ba, waɗannan kuwa duk ya gwada.

"Wato umarnina ne wauta?" in ji sarki.

Malam Ukashatu ya daure ya amsa.

"Allah ya ba ka nasara, ban faɗi haka ba. Sai dai a duba wannan: in an cire dashe ɗaya tak, sauran za su zauna sahu casa'in, kowanne da casa'in da ɗaya. Da bawan nan ɓarawo ne, da ya jefa guda a rijiya tun ranar farko, ya karɓi tukuici."

Sarki ya juya ga Tanimu, ya tambaye shi ko ya san haka. Tanimu ya ce ya gano tun kwana na biyar, amma kayan amana ne, bai ga yadda zai rage ba.

Kunya ta rufe sarki. Sannan ya sa aka kwance Tanimu, ya ciyar da miskinai goma kaffarar rantsuwarsa, ya naɗa Malam Ukashatu alƙalin gari. Ya ce a rubuta a ƙofar fada: adalcin mai mulki shi ne ya auna umarninsa kafin ya hukunta wanda ya kasa cika shi.