Facin da Mzee Mwaipopo Ya Ƙi Yi

Akwai wani magidanci a garin Mbeya mai suna Asajile, amma kowa Baban Atupele yake ce masa, da sunan 'yarsa ta fari. Mutumin kirki ne, sai dai akwai taurin kai. In ya ce ya san mota, ko bakanike sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ana gobe zai kai Atupele gidan miji a Kyela, ya fito wanke mota, sai ya ga tayar gaba ta yi ƙullutu a gefe kamar ƙwan kaza. Tayar da ba ta fi wata biyu da saye ba! Hanyar Kyela gangara ce da kwana-kwana, kuma ya riga ya cika baki gaban surukai cewa shi da kansa zai tuƙa amarya.

Ya garzaya wurin wani dattijo mai faci a bakin tasha, Mzee Mwaipopo.

"Mzee, yi maza ka liƙa min faci, sauri nake."

Dattijon ya cire tayar, ya shafa cikinta, ya duba bayanta. Babu ƙusa, babu yanka, babu alamar an daki rami.

"Ɗana, wannan ba aikina ba ne. Da ƙusa ce ta shiga tsakiya, da tuni na gama. Wannan wayoyin ciki ne suka saki, daga kamfani ta zo da ciwonta. Maida ta inda ka saya, akwai garanti. Amma in na ɗiga mata gam, sun daina karɓa."

Asajile ya fusata. "Kai dai ka ce tsufa ya hana ka aiki! Ni za ka koya wa mota?"

"A'a, wane ni? Taya kawai na sani. Wa za ka ɗauka a motar?"

"'Yata."

"To ni ba zan yi facin da zai ɗauki 'yar wani a gangarar nan ba. Ga masu faci can birjik, je ka gwada."

Asajile ya mirgina tayar har tsallaken titi. Wani mai facin ya ce minti goma ya gama, har ya buɗe gwangwanin gam. Sai maganar dattijon ta tsaya wa Asajile a rai. Ya fizge tayarsa.

Saura rasit, shi kuwa bai san inda ya jefar ba. Ya kira matarsa a waya, murya ƙasa-ƙasa.

"Yau kuma injiniya ne yake neman takarda?" in ji ta. "Wadda ka ce in kunna gawayi da ita? Tana cikin littafin waƙoƙin coci."

Ya biya gida ya ɗauko. A shagon taya, manajan ya duba rasit, ya leƙa cikin tayar. "Ba a taɓa ta da faci ba ko? To ka tsira." Ya danna ƙullutun da yatsa, wurin ya lotsa kamar gwanda ta nuna. "Baba, da wannan ta yi zafi a gangara, fashewa za ta yi."

Suka ba shi sabuwa fil. Asajile ya zauna kan benci, ya sauke ajiyar zuciya mai nauyi.

Washegari ya sauka gangarar a hankali, Atupele na baya ana ta waƙa da guɗa. Lafiya lau suka isa.

Da ya dawo, ya tsaya a bakin tasha da buhun shinkafar Kyela.

"Mzee, na zo karɓar darasin mota."

Dattijon bai ko kalli buhun ba. "Yarinyar ta isa?"

"Ta isa, Mzee."

"To an biya ni."

Darasi: Wanda ya ƙi yi maka abin da kake so, ba lallai maƙiyinka ba ne, wataƙila ranka yake karewa. Kumburin gefen taya ba na faci ba ne, kuma kada ku yar da rasit. Ku tura wa duk direban da kuke ƙauna, musamman mai taurin kan nan na gidanku.